Kwalbati Bakwai

Da hantsi aka kawo rahoto caji ofis cewa sabon kwalbatin bakin ƙauye ya rufta da wata motar yashi, direban ya rasu nan take.

Sufeto ya ɗauki kofur ɗinsa suka tafi. Sun tarar an janye motar, mutane sun yi cirko-cirko a bakin ramin. Allon aikin yana nan tsaye, fentinsa ko dusashewa bai yi ba. Wata huɗu ke nan da ƙaramar hukuma ta buɗe kwalbatoci bakwai a kan hanyar, wannan shi ne na farkonsu.

Sufeto ya sauka cikin ramin, ya ɗauki ɓallin kankare ya jujjuya shi. Ya ɗauki wani, ya sake ɗaukar wani.

"Kofur, ka ga rodi a nan?"

"Ko na sakace haƙori ban gani ba, yallaɓai."

Abin da suka samu kawai guntayen wayar ɗaure rodi ne, an datse su da almakashin ƙarfe.

Daga nan suka wuce sakatariya. Injiniyan ayyuka ya tarbe su da fara'a, ya ciro fayil daga ƙarƙashin tulin takardu ya kaɗe shi.

"Lodi ne ya yi yawa, Sufeto. Direbobin nan ba sa jin magana."

"Ka ga rodin da idonka?"

"Da idona. Kowane kwalbati sai na je."

"A wace mota?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Motar sashen ayyuka tana bakin taga a kan duwatsu, babu taya ko ɗaya, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta.

"To... hoto ake kawo mini. Ai hoto ba ya ƙarya."

Sufeto ya ciro hotuna daga fayil ɗin. Ya jera hotunan bakwai a kan tebur. Kowanne ya nuna ragar rodi an ɗaure ta tsaf, tana jiran kankare. Ya daɗe yana kallo, har Injiniya ya fara duba agogo. Can ya ɗora yatsa a kusurwar hoto na farko. Akwai wani jan ƙyalle ɗaure a bakin rodi ɗaya. Ya matsa zuwa na biyu, ƙyallen yana nan a kusurwa guda. Haka har na bakwai.

Ɗan kwangila bai bari an neme shi ba. Da kansa ya zo, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga ofis.

"Ranka ya daɗe, ni da takarda nake aiki. Ga shaidar na miƙa rodin kwalbati bakwai cif. Ga dangwalen birkilan da ya karɓa."

"Ka je wurin ranar zuba kankare?"

"Ina? Ranar ina wajen taro. Shugaban ƙaramar hukuma ma shaida ne, kujera ɗaya ce tsakaninmu."

Ya faɗi sunan Shugaba a hankali, yana kallon Sufeto cikin ido.

Da la'asar Sufeto ya je gidan mamacin. Matarsa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da jariri a cinya, takalman mijin suna nan inda ya saba ajiye su. Sufeto ya yi mata ta'aziyya, ya zauna a kan turmi. Ita ce ta fara magana don kanta.

"Da ya ji maganar Baba, da yanzu yana nan. Kullum Baba sai ya ce masa, in da lodi, ka zaga ta bayan gari. Shi kuma sai ya yi dariya ya ce, Baba, hanyar da ka gina da hannunka zan guda?"

"Wane ne Baba?"

"Mahaifinsa mana. Birkilan garin nan."

"Ya taɓa faɗin dalili?"

"Bai taɓa ba. Sai dai ya yi shiru ya tashi."

Gidan birkila yana bayan nasu, katanga ɗaya ta raba. Sufeto ya tarar da tsohon zaune a tsakar gida, hannuwansa duk kaushin siminti. A gefe akwai akurkin kaji, an rufa shi da wata babbar ragar rodi. A kusurwarta ga jan ƙyalle, ruwa da rana sun kusa cinye shi.

Birkila ya bi idon Sufeto da kallo. Bai tashi ba.

"Ni na ɗaura shi," ya ce. "Bakin rodin nan ya yi ta yankar mini hannu wajen ɗauka."

"Sau nawa ka ɗauka, Baba?"

"Bakwai."

Sufeto ya zauna kusa da shi, ya ciro littafinsa.

"Raga ɗaya aka kawo mini. Ɗan kwangila ya ce in shimfiɗa, a ɗauki hoto, in datse waya in ɗage, in zuba kankare. Na ce Alhaji, wannan ba zai ɗauki mota ba. Ya ce ƙauyen nan wace mota ke shiga? In ba zan yi ba, akwai birkila goma a waje. Shekara biyu ban riƙe cokalin gini ba, yallaɓai. Na yi."

"Takardar da ka dangwala fa?"

"Ban iya karatu ba. An ce ta karɓar aiki ce."

"Akwai wanda ya ji lokacin da ya ba ka umarni?"

"Daga ni sai shi."

Sufeto ya rufe littafin. Ya riga ya san inda maganar za ta tsaya. Kafin ya baro ofis sau biyu aka kira shi daga sama, ana tambayar ko ya ga dangwalen.

"Me ya hana ka gaya wa ɗanka gaskiya?"



"Tun yana yaro yake nuna wa abokansa gine-ginena. Da wane baki zan faɗa masa?"

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, Kofur ya mayar da ita aljihu. Suka fito da shi ta gaban surukarsa. Ta miƙe da jaririn a kafaɗa, ta ce, "Baba, ina za su kai ka?" Bai iya ɗaga kai ba.

Kafin su bar ƙauyen, Sufeto ya kira sakatariya ya ce a rufe sauran kwalbatoci shidan yau ɗin nan. Aka ce masa ya rubuto, kwamiti zai zauna bayan hutu. Ya sa Kofur ya jera duwatsu a bakin na biyu. Mutane suka tsaya suna kallo, wani ya ce, "Yallaɓai, gobe kasuwa. Ta sama za mu bi?"

Suka zaga ta cikin gonaki, suka hau titi bayan sun wuce na uku. Da suka doshi kwalbati na huɗu, birkila ya dafa kafaɗar Kofur.

"Tsaya, ɗana. Mu sauka. Wannan ya fi na farkon rashin siminti."

Suka sauka, suka tsaya a gefen hanya. Sufeto yana neman inda za su zaga da motar, sai ga wata bas ta taho daga gari, cike da mutane har bakin ƙofa, ga buhuna a sama. Ya ɗaga hannu biyu yana ihu. Direban ya ɗauka gaisuwa ce, ya danna masa oda ya wuce.

Kwalbatin ya yi wata 'yar ƙara, ƙasa ta zubo daga ƙarƙashinsa. Bai rufta ba.

Birkila ya tsuguna a bakin titi ya rufe fuska da hannuwansa.

"Saura kwalbati biyu a gabansu kafin gida," ya ce.