Sallamar da Kaka Ta Amsa

Yayana ne ya haɗa wa Kaka ƙaramar kwamfuta a bayan talabijin. Idonta ya yi rauni, hannunta kuma ba ya riƙe rimot, amma tana son jin hayaniyar fim a ɗaki. Sai ya saita ta yadda da an kawo wuta za ta kunna kanta, ta zarce kan finafinai, ba sai an latsa komai ba.

"Saura sautin da za ta yi in ta tashi," in ji shi.

Ni kuwa da ma kwaikwayon murya kamar da shi aka haife ni. Na yi masa ta maƙwabciyarmu mai kitso, har da jan hancin: "Salamu alaikum, masu gida na ciki?" Ya naɗa, ya saka. Duk sanda wuta ta dawo, sai Kaka ta gyara ɗankwali ta ce, "Wa alaikumus salam, shigo mana." Mu kuwa muna kicin, dariya har da riƙe ciki.

Wata magariba Umma ta aike ni in kai wa Kaka magani. Tun la'asar babu wuta. Ɗakin duhu, sai warin man zafi.

Ina ajiye kofi, fankar kwamfutar ta fara huci.

Na ɗaga kai. Ƙwan fitila a mace yake.

Allon ya yi fari fat. Babu fim.

"Salamu alaikum."

Ba mai kitso ba ce. Muryata ce, tawa ta ainihi, wadda ba a taɓa naɗa ba.

Kaka ta yi murmushi. "Ja'ira, yau ke ce da sallama? Wa alaikumus salam."

Na buɗe baki in ce gani nan kusa da ke. Iska ce kawai ta fito.

Na fizge wayar kwamfutar daga bango. Fankar ba ta tsaya ba.

Warin tsohuwar rijiya ya cika ɗakin. A ƙasan labulen ƙofa, yatsun ƙafa, jiƙaƙƙu.

"In shigo, Kaka?"

Ta ja numfashi za ta amsa.

Na sake gwada muryata. Babu. Na laluba ta Yaya, ita ta fito: "Kaka, yi shiru! A'uzu billahi!"

Na toshe mata baki da tafina. Labulen ya kumbura ya tsaya, har sai da hannuna ya sage.

Sannan fankar ta mutu.

Washegari Yaya ya kwance kwamfutar ya fita da ita. Amma tawa muryar ba ta dawo ba. Da ta Umma nake sayayya, da ta mai kitso nake gaida mutane.

Kullum da magariba ina zaune gefen Kaka ina matsa mata ƙafa, sai ta juya wajen ƙofa.

"Wai ina ja'irar nan ta shiga ne? Kwana biyu ban ji ta ba."