Hawainiya a Akurki

A wani zamani, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, an yi wani mutum mai cika baki. Kome aka ce, sai ya ce, "Na sani."

Ran nan ya samo hawainiya, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya sa ta a akurki, ya zuba mata tsaba, ya ajiye ruwa a kasko kamar kaza.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta leƙo ta ce, "Ɗana, ba haka ake kiwonta ba."

Ya ce, "Na sani, Iya."

Kwana ɗaya, hawainiya ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ya ce azumi take yi. Kwana biyu, ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ya ce baƙunta ce. A na uku ta yi baƙi, idanunta suka faɗa, ta kusa mutuwa.

Ya ɗauke ta sai gidan tsohuwa, ga mata cike da tsakar gida. Ya ce a hankali, "Iya, ban sani ba."

Ta ce, "Ɗaga murya, kunnena da nauyi."

Ya ɗaga. Mata suka bushe da dariya.

Tsohuwa ta ɗora hawainiya a reshe mai ganye, inda iska da hantsi ke samunta. Ta yayyafa ruwa a ganyen, ta ce, "Ɗigo take lasa, ba ta shan na kasko. Abincinta fara mai rai. Tafi ka kamo."

Hawainiya ta lashi ɗigo, ta ƙara lasa. Kafin ya dawo da fara, ta soma komawa koriya.

Tun daga ran nan, in zai ce "Na sani", sai ya waiga tukuna ya ga ko Iya na kusa.