Lambar da ke Jikin Dutse

Ana gab da magariba Mai-duwatsu ya dawo daga gidan adana kayan tarihin halittu, inda ya shekara ashirin yana rubuta wa duwatsu lamba da wurin da aka samo su. Bai gama cire takalmi ba wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Matarsa ta tsinto shi: ɗan dutse ne mai lamba da farar tawada.

"Wannan ai rubutunka ne," ta ce. "Me ka kwaso mana?"

Ya rantse bai kwaso komai ba. Shi mutum ne da ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba ƙasanta. Ya zargi abokin aikinsa mai harin kujerarsa, ya zargi mai gadi. Matar kuwa shi take kallo ta gefen ido.

Rana ta huɗu da faɗowar dutsen, 'yarsu Auta ta daina cin abinci. Ta zauna tana fuskantar bango, tana jero lambobi da muryar tsoho. Tsoro ya kama shi, aka kira malami.

Malam ya daɗe yana karatu kafin muryar ta amsa.

"Me yarinya ta yi maka?" in ji Malam.

"Ba ita ba, ubanta. Da dutsena aka ɗauko ni, na manta hanya. Kullum da yamma ina bin abin da ya rubuta, in tarar da gidan wasu."

Shekara tara ke nan da rufin ma'ajiya ya yi yoyo, ruwa ya cinye takardu ɗari uku. Gudun kunya, Mai-duwatsu ya sake rubuta su da ka, bai gaya wa kowa ba.

"Ina ne gidana?" muryar ta tambaya.

Mai-duwatsu ya buɗe baki zai ƙago wani wuri, sai ya ga yadda wuyan Auta ya rame.

"Ban sani ba."

"To haka za ka rubuta, a dukkansu, a gaban shugabanka. Sai in nemi hanyata da kaina."

Malam ya sa shi da muryar suka yi wa juna alkawari. Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari Mai-duwatsu ya soke takardun nan ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta "ban sani ba", shugaba na tsaye a kansa. Kafin la'asar an ba abokin aikin nan kujerar. Ya dawo gida da kunya fal cikinsa, ya tarar Auta tana neman ƙarin abinci.