Mai Gadin Soron Alhaji Ashafa

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, babu malamin da bai san soron Alhaji Ashafa a Sheshe ba. Da ya sauke farali bai juyo gida ba, sai ya zarce Farisa da Hindu. Ya dawo da furfura da akwatunan littattafan ƙasashen gabas: na taurari, na magani, na tarihin sarakunansu. A nan ake zama a karanta, ba a fita da ko warƙa ɗaya. Da ya rasu, mabuɗi ya koma hannun 'yarsa Hajo, tare da wasiyya guda: kada a taɓa sunan da ke rubuce a shafin farko na kowane littafi.

Gara ta ci azarar maƙwabta, ta ci tabarmin masallaci. Soron nan ko kusa.

Sai Hajo ta fara tarar da shafukan farko da danshi, sunan ya goge. Ta zargi yoyon damina. Ta zargi baƙin malamai daga Zazzau. Ta zargi Baturen da ya zo da tafinta yana shafa littattafan kamar mai taya doki. Wanda ba ta so ta zarga shi ne Malam Ɗantani, ɗalibin mahaifinta, wanda kullum shi ke tashi a ƙarshe.

Ran nan da almuru ta fito rufe soro, riƙe da fitilar aci-balbal. Warin jiƙaƙƙiyar takarda ya tare ta tun daga ƙofa. Ɗantani na tsugune da ƙoƙo da auduga, leɓensa baƙi da tawada.

"Malam, me kake sha?"

"Rubutu ne, Yaya Hajo." Bai ɗago ba. "Kin taɓa ganin malami ya yi ta maimaita suna a banza? Nan sirrin haddar Alhaji yake. Ya hana mu, ya bar wa takarda."

"Ba addu'a ba ce." Muryarta ta yi ƙasa. "Mutanen Hindu ke rubuta shi. Sunan mai tsare littafi daga ƙwaro ne. Inda sunan yake, nan yake zama. Nawa ka wanke?"

"Saura wannan."

Can cikin bango wani abu ya motsa.

Ƙas. Ƙas-ƙas. Kamar yayyafi a kan busasshen kara.

Warin jar ƙasa ya taso. Harshen fitila ya kwanta, alhali babu iska.

A lungun da Alhaji ke zama, duhu ya miƙe tsaye. Dogo, har sai da ya ranƙwafa ƙarƙashin azara. Naɗin rawaninsa ba na Kano ba ne. Ya bi littattafan yana sansanawa, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya dawo ya tarar an kwashe masa shimfiɗa.

Ya tsaya a kan Ɗantani. Ya sunkuya daidai cikinsa.

"Nan aka mai da ni," in ji shi, da murya kamar ana buɗe tsohon shafi.

Ƙoƙon ya faɗi.

Bango ya tsage. Gara ta kwararo, fara fat.

Hajo ba ta san ayar da ta ja ba. Ta dai wafce littafin da ke gaban Ɗantani, wanda auduga ba ta kai gare shi ba, ta rungume. Gara na hawa ƙafarta tana cizo. Ta yi tsakar gida.

Da gari ya waye, babu komai a soron sai jar ƙasa a siffar littattafai, ka taɓa ta ruguje.

Ɗantani bai mutu ba, haddar ma bai samu ba. Sai dai daga ranar ƙuda bai ƙara sauka a jikinsa ba, ko sauro. In ya tunkaro, kaji su watse. Shi ba ya naɗi, amma inuwarsa da rawani.

Kowane almuru yakan tsaya a ƙofar gidan.

"Yaya Hajo, ara mini littafin nan, ko mai gadin ya bar jikina ya koma cikinsa."

Ta bayan ƙyaure take amsa masa.

"Ka san ƙa'idar gidan nan, Malam. Ba a fita da ko warƙa ɗaya."