Katin da Zoleka Ta Buɗe wa Yayanta

Ni mai dafa abincin makoki ce. A unguwarmu ta Mdantsane, a Afirka ta Kudu, in aka yi rasuwa, bayan fasto ni ake kira, in zo da tukwanena masu ƙafa uku in ciyar da jama'a ranar Asabar. Sunana Thobeka. Na ga kuka iri-iri ta cikin hayaƙin itace: na gaskiya, na ganin ido, da na wanda ya tuna nasa mamacin a jana'izar wani. Amma wanda ya tsaya min a rai, mutum ne da ya binne na gidansa idonsa a bushe. Ba ji na yi a kasuwa ba, katanga ɗaya ce tsakanina da su.

Lungelo direban motar gawa ne a wani kamfanin jana'iza a cikin garin East London. Yana zaune da mahaifiyarsa, da matarsa Bulelwa, da 'yarsu Asanda 'yar firamare, da ƙanwarsa Zoleka. Mutum ne mai raunin zuciya. Abokan aikinsa har tsiya suke yi masa, wai shi kaɗai ne direban da ke taya masu gawa kuka yana tuƙi. Ciwonsa ɗaya ne: kullum shi ke buɗe wa mai kamfanin ƙofar mota, ya kalli takalmin mutumin, ya kalli nasa, ya dawo gida yana ƙwafa.

Ita kuwa Zoleka tana aiki a wani shago kusa da bakin teku, inda ake sayar da turaren wuta da duwatsu masu launi. Uwar ɗakinta ce ta ba ta kyautar kartar duba, wadda ake kira tarot, ta fara koya mata. Sabon shiga, ai kun san shi da zumuɗi. Babu wanda Zoleka ba ta buɗe wa kati ba a layinmu. Ni ma ta ce min zan sake aure, na ce ta bar ni da tukwanena.

Wata Lahadi da rana, tsohuwarsu ta tsaya taron mata a coci, muna zaune a barandarsu ina tsince wake. Lungelo ya fito ya ja kujera.

"Ke boka, zo ki duba min. Akwai wata tafiya da nake son yi."

"Bhuti, ba a cewa boka. Mai karanta kati ake cewa," in ji Zoleka. Bhuti haka muke kiran yaya namiji, Sisi kuma yaya mace. Ta shimfiɗa ɗankwalinta a kan tebur, ta ba shi katin ya yanka, ta jera uku a kife.

Ta buɗe na farko. Wani ƙato ne mai ƙaho a zaune, mace da namiji a gabansa da sarƙa a wuya. Ta buɗe na biyu, ƙwarangwal a kan farin doki. Ta buɗe na uku, doguwar hasumiya aradu ta faɗa mata, mutane suna faɗowa ta taga da ka.

Na ga hannun yarinyar ya tsaya cak. Ko ni da ban san kan abin ba na ajiye tiren wake.

"To? Kin yi shiru kamar an aiko ki," in ji Lungelo.

"Ba... ba kamar yadda ake gani ba ne. Uwar ɗakina ta ce kada mai koyo ya tsorata mutum. Wannan na mutuwar, ba mutuwa yake nufi ba, canji ne. Wani abu zai ƙare, wani ya fara."

Lungelo ya tuntsure da dariya har da buga tebur. "Ke, mutuwa ai ita ce sana'ata! Katin nan ya san ni. Ga ta ma a kan farin doki, ni ma fararen motoci zan saya. Wannan ginin fa?"

"Abin da mutum ya saba da shi zai rushe."

"Talauci ke nan. Ya rushe, Allah ya raka taki gona. Mai ƙahon fa?"

Zoleka ta tura masa katin gabansa. "Dubi sarƙar wuyansu, Bhuti. A sake take. In sun so za su iya cirewa. Ina jin... ina jin yana cewa kada ka sa wuyanka tun farko."

"Kina ji, ko kin sani?"

"Ban sani ba tukuna. Koyo nake."

"To in kin gama koyo kya faɗa min." Ya ja kumatunta, ya tashi.

Abin da ya faru a tafiyar, shi da bakinsa ya ba ni labari daga baya, da murya irin ta mai karanta sanarwa.

Ya hau mota zuwa ƙasar Mpondo, ya sauka ya bi hanyar shanu har bakin kogin Mzimvubu, inda wani tsoho yake da bukka a ƙarƙashin dutse. Tsakar rana ce, amma a wurin babu kukan tsuntsu ko ɗaya. Bukkar ba ta da taga. A ciki ƙasa a jiƙe take, kwalabe a jere har rufi, kowace da ɗan ruwa a gindinta, an toshe bakinta da kakin zuma. Akwai fatar mesa a miƙe jikin bango, da farin kyandir, da ƙwarya cike da ruwan kogi wanda ke motsi shi kaɗai ba iska. Tsohon yana zaune a kan turmi a kife, idanunsa jajir, suna ta zubar ruwa ba ya sharewa.

"Ɗana, warin gawa nake ji a jikinka, amma ba taka ba ce riba."

"Shi ya kawo ni, Baba. Na gaji da tuƙa arzikin wani. Amma in faɗa maka tun yanzu, ba na ba da jini. Ba uwata, ba matata, ba 'yata."

"Wa ya tambaye ka jini? Jini ai na mahauta ne." Tsohon ya nuna ƙwaryar. "Mai ruwan nan, aljanar kogi, ba ta cin nama. Hawaye take sha. Naka take so."

"Na yaushe?"

"Duka. Na yau da na gobe."

Lungelo ya ce a ransa, wannan ai araha ce. Mai kamfanin jana'iza me zai yi da kuka? "Shi ke nan? Babu wani abu a ƙasa?"

"Ka'idarta ɗaya ce, kowa a bakin kogin nan ya san ta. Abin da mutum zai yi wa kuka, nasa ne, ba ta taɓawa. Abin da ba zai yi wa kuka ba, ba shi da mai shi."

Maganar ta wuce ta gefen kunnensa, don a lokacin fararen motoci yake gani. Tsohon ya sa shi ya tuɓe riga ya durƙusa. Ya ƙona wani ganye a kasko ya kara masa a fuska, ya ce ya tuna ranar da aka binne mahaifinsa. Lungelo ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba, tsohon yana tare hawayen da bakin kwalba. Da suka tsaya, sai suka tsaya gaba ɗaya, kamar an rufe famfo. Aka toshe kwalbar, aka ɗora ta a layi.

Ya ce da ya fito ya ji sakayau. Ba daɗi ba, ba baƙin ciki ba. Sakayau kawai.

Arziki bai yi nawa ba. Ƙungiyoyin adashin jana'iza na unguwa suka riƙa komawa wurinsa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san dalili. Ya buɗe nasa kamfanin, ya sayi fararen motocin, da tantuna, da ɗakin sanyi na ajiye gawa. Ya rushe gidansu ya tayar da bene. Ni ma ya ɗauke ni, duk Asabar ina kan wuta. Mutane suna yaba natsuwarsa. Bulelwa ce kawai ta ce min wata rana, "Sisi Thobeka, mutumin nan in Asanda ta rungume shi, sai ya tsaya kamar ana gwada masa riga."

Tsohuwa ce ta fara tafiya. Ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba. Likita ya ce ruwa ne ya cika mata huhu. An ce tsufa. Lungelo ya zaɓa mata akwati mafi tsada, ya tsaya a bakin kabari yana duba ko an jera kujeru daidai.

Bayan makoki Zoleka ta same ni ina wanke tukwane, katinta a hannu, duk ta rame.

"Sisi, kullum na buɗe wa gidanmu, su ne dai suke fitowa. Na karkaɗa, na yanka, na ba wani ya yanka. Na tambayi uwar ɗakina ko ni ce ban iya ba. Ta ce kati takarda ne, ba ya kashe kowa, in daina tambayar takarda abin da mutum ya sani."

"To ki tambayi mutumin."

Ta tambaye shi, a gabana, a ofishinsa. Bai ɓoye komai ba, mai ɓoyo ai mai jin tsoro ne. Ya zayyana mata duka har da ka'idar kogin.

"Bhuti, ba ka ji abin da ka faɗa ba? In Asanda ta mutu yau, za ka yi kuka?"

Ya yi ta lalube a cikinsa, kamar mai neman makulli a aljihu. "A'a," ya ce.

A ranar Zoleka ta shawo kan Bulelwa su ɗauki yarinyar su tafi garin iyayenta, can cikin tudu, nesa da kogi da teku. Da safe suna haɗa kaya a sama, Asanda ta sauka tsakar gida ɗauko takalminta da aka wanke. Shirun ya yi yawa, uwar ta leƙa ta taga. Yarinyar tana kife a kan bahon wanki. Ruwan da ke ciki bai kai ya rufe idon sawu ba.

Ni na dafa abincin wannan jana'izar ma. Ban san yadda na yi ba, hannuna ne kawai ya yi aikinsa. Na ga Lungelo ya ɗauko tef ya auna 'yarsa da kansa, ya ce wa kafinta a sa hannaye masu ruwan azurfa. Bulelwa tana kallonsa. Daga nan ta fara kuka, kuma ba ta daina ba. Tana ci tana yi, tana barci yana zuba. In an ba ta haƙuri sai ta ce, "Ku bar ni, na mutum biyu nake yi." Da ta fara bin yaran makaranta a titi tana kiran su Asanda, danginta suka kai ta asibitin masu taɓin hankali. Tana can har yau.

Zoleka ta zo bakin murhuna ranar jana'izar Asanda, ta cusa katin nan duka a ƙarƙashin tukunyar nama. Ta ce, "Na karanta daidai, Sisi. Muryata ce ba ta kai ba." Ta shiga motar Cape Town da jaka ɗaya, ba ta sake waiwayar layinmu ba.

Lungelo ya koma wurin tsohon. Ba don zafi ba, ya ce lissafi ne ya nuna masa ya kamata. Ya ce a mayar masa da kwalbarsa, a karɓe komai.

"Mai sauƙi ne," in ji tsohon. "Kakin bakinta hawayen mai ita ne kawai ke narkar da shi. Ɗigo ɗaya. Bismillah." Ya tura masa kwalbar gabansa.

Ya zauna ya tuna uwarsa. Ya tuna takalmin Asanda a jiƙe. Ya shaƙi hayaƙin ganyen, ya murza barkono a ido. Idon ya yi ja, ya kumbura, bai kawo ko laima ba. Da rana ta karkata tsohon ya ɗauke kwalbar ya mayar layi.

Daga nan kamfanin ya fara lalacewa. Gawar da aka ajiye a ɗakin sanyinsa sai a fito da ita sharkaf, akwati yana ɗiga a kafaɗar masu ɗauka, yana warin laka. Magana ta zaga unguwa, babu mai son a kai nasa can. Motocin suka yi tsatsa a tsakar gida. Idanunsa kuma, da yake ba ruwa, suka bushe suka tsattsage kamar gindin tafki da rani, har suka daina gani.

Yanzu yana zaune a ƙasan benen, sama duk jemagu. Nakan miƙa masa masara da wake ta kan katanga. Kwanan baya ya riƙe bakin kwanon bai karɓa ba.

"Sisi Thobeka, ke da kika ga makoki da yawa. In 'yar mutum ta mutu, me yake ji? Faɗa min yadda abin yake."

Na tsaya na faɗa masa iyakar abin da na sani. Yadda ƙirji ke nauyi, yadda abinci ke zama ƙasa a baki, yadda mutum ke jin muryarta a ɗakin da ba kowa. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"To," ya ce. "Akwai gishiri a waken?"

Ku da kuke kallon takalmin wani kuna raina naku, ku ji da kyau. Duk mai ba da dukiya a ƙarƙashin dutse ya fi ku iya ciniki, kuma ba zai taɓa tambayar ku abin da kuka zo da niyyar hanawa ba. Abin da kuka raina zai nema, ku miƙa da hannunku kuna murna. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma akwai abin da ya fi wahala muni: a kwashe wa mutum komai, ya zauna a cikin kangonsa, ko zafin ma ba a bar masa ba.