Muryar Laure a Rediyo

Muryarta Maliki ya fara ji kafin ya ga fuskarta. Ya zo Argungu daga Birnin Kebbi bikin ɗiyar gwaggonsa, zamanin ana Jihar Sakkwato, rataye da rikodarsa sabuwa fil. A tsakar gida 'yan mata na lugude suna surfen shinkafa, wata doguwa tana ba da waƙa suna amshi. Waƙar kuwa ta tsiya ce, a kan masuncin da zai dawo daga gulbi gora fayau, ya zauna yana kushe miya don babu kifi.

"Wanga ɗan birni mi shika kallo?" in ji doguwar, ta dafa taɓarya.

Laure ke nan, ɗiyar Malam Arzika masunci, ɗaliba a kwalejin horon malamai. Maliki, malamin firamare mai bakin magana, ranar nan kallonta kawai ya tsaya yi.

Tun daga nan motar Argungu ta san shi. Hirarsu rabi soyayya rabi littattafai. Laure takan ce duk littafin da aka ba su a makaranta, mace ba ta buɗe baki sai in za ta kawo abinci ko ta yi kuka.

"Gaskiyarki, Laurena," in ji shi. "Dole a ji muryar mata!"

Dariya ta yi, ta rera masa waƙar nan a kaset, ta ce ya riƙa saurare in kewa ta dame shi.

To, gogan naka sai ya ga ai ga hanyar burge masoyiya. Bai shawarci kowa ba ya aika kaset ɗin gidan rediyo a Sakkwato. Wata ranar Asabar da hantsi mai gabatarwa ya ce, "Ga waƙar Laure Arzika Argungu, daga masoyinta Maliki."

Malam Arzika na bakin gulbi cikin abokan sana'a, ana ɗinkin komar kamun kifi, rediyo a tsakiya. Kafin waƙa ta ƙare dariya ta kwantar da kowa.

"Arzika, ashe miyar gidanka ba kihi!"

Ranar Malam Arzika ya aika Birnin Kebbi cewa maganar auren Maliki da Laure da aka fara ta rushe.

Kunya ta kama Maliki har abinci ya gagare shi. Ya ɗauki baffansa suka je ya durƙusa gaban Malam Arzika, ya bi masunta har bakin gulbi yana ba su haƙuri, kansa a sunkuye. Da ƙyar dattijon ya sauko, ya ce ya turo magabatansa. Maliki ya aika kiran Laure zaure yana murna, a ganinsa ya gyara ɓarna.

Ta fito ba fara'a.

"Albishirinki, Baba ya yahe!"

"Madalla. Ka roƙi Baba, ka roƙi abokan Baba. Muryar wa kaɗ ɗauka, Maliki?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ni ban ji kunyar waƙata ba, ni nit tsara abata. Da ka tambaye ni, wataƙila da kaina nika kai ta. Kullum cewa kaka yi a ji muryar mata, amma kai ba ka tsaya ka ji tawa ba."

Kunyar da ya ji a bakin gulbi wasa ce a kan wannan. Ya tuna yawan surutun da ya zuba mata, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Idonsa ya ciko.

"Ki gahwarce ni, Laure. Na ɗauka na hi ki sanin abin da yad dace da ke." Ya ɗago kai. "Baba ya ce in turo. Ba ni turo kowa sai kin ce."



"Sai na ƙare jarrabawa," ta ce a hankali. "Kuma zan koyar."

"Na yarda, zuciyata."

"Bar zuciyar nan tukuna," ta ce, amma murmushi ya riga ya kuɓuce mata.

Ashe Malam Arzika na bayan zana yana alwala, ya ji komai.

Bayan girbin shinkafa aka taru ɗaurin aure. Liman ya gyara zama zai fara, sai Malam Arzika ya ɗaga hannu, ya tashi ya shiga cikin gida, ya bar jama'a suna kallon juna. 'Ya'ya mata nawa ya aurar, bai taɓa yin haka ba. 

Can ya fito yana share ido da bakin rawani.

"Na tambaye ta," ya ce. "Ta ce ta yarda. A ɗaura, Allah shi ba su zaman lahiya."

Jama'a suka amsa da amin, cikin gida guɗa ta tashi.