Farin Zare a Mashigin Mekon

A zamanin sarki na ƙarshe da ya hau gadon Biyantiyan, babban birnin mutanen Lawo, cikin ƙarshen rani, lokacin da kogin Mekon ya ja baya har yashi ya fito a tsakiyarsa, rundunar Siyam ta doso birnin. Shekara ɗari biyu ke nan ba kaɗan, wato sa'ad da a nan ƙasarmu Gwandu ba ta daɗe da zama gidan sarauta ba. Sarkin ya yi shekaru yana kai gaisuwa Siyam, sannan ya ɗaga kai ya ce ya daina. Cikin abin da ya ƙona masa rai har da yadda Siyamawa suka shiga bin ƙauyuka suna tsaga wa maza shaida a wuyan hannu, da allura da baƙar tawada, don a san talakawan wane ne. Ya fita yaƙi, aka karya shi, ya tsere gabas, ya bar birni ba mai shi.

Na san mutanen Bagudo za su ce ai Arzika ne, wanda ya taɓa tura 'yan kabu-kabu talatin Kurgu karɓar tayar kyauta da babu ita. Na yi wannan, kuma na sha dukan da ya dace da ni. Amma wanga labari ba na wasa ba ne.

Maigidana Alhaji Abdulrashid ya tafi da ni Bankok, babban birnin Siyam ɗin nan, sayen kayan babur, don in riƙa ɗaukar jaka. Takardar zamanmu ta ƙare, aka ce sai mun fita wata ƙasa mun sabunta ta. Haka muka kwana huɗu a Biyantiyan. Ban taɓa ganin babban birni mai shiru irinsa ba. Kasuwar Lolo ta wajenmu da hantsi ta fi shi hayaniya. Mota ba ta oda, mai talla ba ya kira, ko karnukansu kamar an roƙe su su yi haƙuri. A bakin kogi na tarar da wani tsoho mai suna Buntan yana ɗinkin koma. Na gaishe shi da guntun Faransancin da na tsinta a kasuwar Malambil, sai ya amsa mini da wanda ya fi nawa.

Na ce, "Baba, wa ya rasu a garinku, kowa ya yi tsit?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Garin ne ya taɓa rasuwa. Zauna."

Abin da ke tafe labarin gidansu ne, yadda ya karɓa daga kakanni. Ban gan shi a takarda ba. Sarautunsu kuma sun fi ƙarfin harshena, don haka na sa masu namu.

Akwai Sarkin Jirgi a fadar, mai kula da kwale-kwalen sarki, da unguwar matuƙa gida arba'in a ƙarƙashinsa. Da ya mutu ya bar 'ya'ya biyu maza, Kampan babba da Somdi ƙarami. Somdi ya fi iya ruwa, ya kuma fi baki, yana ganin sarautar tasa ce. Fada ta naɗa Kampan. Washegari Somdi ya ɗauki filafilinsa ya bar gari, ya faɗa hannun Siyamawa, suka tsaga masa shaidarsu, ya zama tafintansu.

Mutanen Lawo sun yarda cewa jikin mutum yana da kurwa talatin da biyu, kuma tsoro ko tafiya mai nisa kan sa su watse. Ni Musulmi ne, abin da suka yarda da shi nake faɗi. Saboda haka duk mai tafiya, da duk wanda ya dawo, sai manya su kira kurwarsa su ɗaura masa farin zaren auduga a wuyan hannu. Zaren nan ba a yanke shi da wuƙa. Bayan kwana uku a kwance shi da hannu, ko a bar shi ya faɗi da kansa. Somdi ya tafi cikin fushi, ba a ɗaura masa ba. Uwarsu, Inna Buwa, ta kaɗa nasa zaren da hannunta ta soke a ƙugu. Shekara bakwai yana nan.

Da birni ya faɗi, Siyamawa suka shiga tattara mutane unguwa unguwa, ana kora su ƙetaren kogi zuwa ƙasarsu. Unguwar matuƙa suka ɓuya cikin ciyawar wani tsibiri da kwale-kwale goma sha ɗaya. Kafin su bar gidajensu, tsofaffi sun ɗaura wa kowa zare, har jarirai. A kwana na biyu wata mai sayar da gishiri ta kawo wa Kampan saƙo daga ƙanensa. Somdi ne ke duba hannun masu wucewa a mashigin da ke ƙasa da birni. Su zo gobe da rana tsaka, su ce su mutanen ƙauyensa ne da suka kawo wa runduna shinkafa za su koma. Maza su zana shaida da baƙin tukunya da mai. Kuma kada a ga zare a hannun kowa, don Ubandawakin Siyam ya ce duk ayarin da aka gani da sabon zare, 'yan birni ne masu gudu.

Kampan ya tara manya ya zare wuƙa. Ƙullin ya jiƙe da ruwa, ya ƙi kwantuwa, ga mutum sama da ɗari biyu. Ya fara da nasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mata suna kau da kai. Ya zo kan uwarsa.

Ta ce, "Kwana biyu ne fa, Kampan."

"Na sani, Inna."

"Ubanka bai taɓa yanke na kowa ba."

"Ubana bai ga wannan rana ba. Kawo hannun."

Ta miƙa, ya yanke. Sannan ya durƙusa gabanta ya ce, "Gobe za ki ga Somdi. Ba ki san shi ba, bai san ki ba. Ran gida arba'in yana bisa wannan."

Ta ce, "Na ji."

Bai tambaye ta abin da ke ƙugunta ba. Buntan ya ce nan ne gidansu ke cewa Sarkin Jirgi ya yi sake.

Da rana ta take suka iso mashigin. Ubandawaki, wanda a gaskiya giwaye gare shi ba dawaki ba, yana zaune a rumfa bisa tudu, yana taunar wani abu ja mai kamar goro, mashi da bindiga kewaye da shi. Somdi na tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa. Kwale-kwale ya matso, ya kama hannun maza ya juya, ya ce su wuce. Shida suka wuce haka suka sha kwana, matar Kampan da cikinta tana cikin na huɗu. Kampan ya sa nasa na bakwai, uwarsa na ciki, don in ya tsallake ya ja sauran.

Somdi ya kama hannun wansa. Ba wanda ya dubi fuskar wani. Ya ce, "Ku wuce."

Kafin Kampan ya tsoma filafili, Inna Buwa ta miƙo hannu ta riƙe na Somdi. Ya rame, kansa da askin Siyamawa, ga baƙar shaida a inda ya kamata zare ya zauna. Ta zaro zaren nan daga ƙugu ta zagaya, tana kiran kurwarsa ƙasa ƙasa: "Ku dawo jikinsa. Wadda ta tsaya a daji, wadda ta bi ruwa, ku dawo, an dafa shinkafa." Ta ƙulla.

Ubandawaki ya tofar da abin bakinsa. Ya ce, "Tafinta, wace ce wannan?"

Kampan ya riga shi amsawa. "Ranka ya daɗe, tsohuwar ƙauyenmu ce, hankalinta ya gushe. Duk saurayin da ta gani ɗanta ne."

"Haka ne, tafinta?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Allah sarki." Ya ɗauki ƙaramar wuƙar da yake fere abin taunarsa, ya jefa ta bisa yashi. "To, cire shi, su tafi. Rana na yi."

Somdi ya fito ya ɗauki wuƙar. Ba ƙi ya yi ba, Buntan ya nanata mini wannan har sau biyu. Niyyarsa ya cire zaren. Sai dai da ya kai ƙarfen kusa da fata, hannunsa ya yi abin da aka koya masa tun yana goye. Ya maƙale wuƙar a hammata, ya sa farce yana lallaɓar ƙullin.

Ba a daɗe ba. Kamar a ƙirga goma.

Ubandawaki ya ce, "Na ba ka wuƙa, kana kwancewa." Muryarsa ba ta tashi ba. "Zaren mahaukaciyar da ba ka haɗa komai da ita ba, shi kake wa wannan ladabi?"

Somdi ya fizgo wuƙar ya yanke, amma an riga an gani. Ubandawaki ya sa wani soja ya jiƙa tsumma ya goge hannun Kampan. Shaidar ta bi ruwa.

Kampan ya miƙe cikin kwale-kwale ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne Sarkin Jirgin birnin nan. Ni na tilasta shi, ni na tilasta su. A tsaya kaina."

"Sarkin da ya naɗa ka yana ina?"



Yadda gidan Buntan suka riƙe labarin, an sare kan Somdi a bakin mashigin kafin rana ta karkata, uwarsa na kallo. Mutanen kwale-kwale biyar aka ɗaure su da igiya ɗaya, aka tsaga wa mazansu shaidar gaske, aka kora su da ƙafa zuwa Siyam. Inna Buwa ba ta sake magana ba, ta mutu a hanya ran kwana tara. Kampan ya ƙare kwanansa yana haƙar magudanar ruwa a ƙasar da ba tasa ba. Kwale-kwale shidan da suka sha kwana sun ji ihu daga baya, ba su juyo ba. Matar Kampan ta haihu a wani ƙauyen dutse, daga ɗan nan Buntan ya fito. Sai bayan shekara talatin wata tsohuwa ta dawo daga Siyam ta ba su labarin abin da ya auku a mashigin.

Shekarar da ta biyo, sarkin ya dawo neman gadonsa, aka kama shi, ya mutu a hannun Siyamawa. Suka rushe birnin, suka kwashe wanda ya rage. Itatuwa suka tsiro cikin fada, shekaru masu yawa ba kowa sai namun daji.

Buntan ya ce har yau in an taru a gidansu ana gardama. Wasu na ganin laifin tsohuwa, wasu na Somdi. Na ce, "Kai fa, Baba? Da kai ne, ka yanke tun farko?"

Ya daɗe yana jan zaren komarsa. Ya ce, "Ina saurayi, na ce da na yanke. Lokacin uwata tana da rai, ban san abin da nake faɗi ba."

Na yi ta juya wannan a zuciyata. Sarakuna biyu suka yi faɗa a kan wanda zai mallaki wuyan hannun talaka, kowannensu da giwaye da masu rubuta sunansa. Amma hukuncin gida arba'in bai faɗo a fada ba, bai faɗo a fagen fama ba. Ya faɗo a farcen mutum ɗaya da tarbiyyar gidansu ta riga tunaninsa. Mu na bakin iyaka mun san irin wannan tsayuwa: kana cikin rana, wani yana inuwa yana dubanka, shi ba ya gaggawa. Mai iko ba sai ya fi ka wayo ba. Jira kawai yake ka yi abin da uwarka ta koya maka.

Allah ne masanin abin da ya wuce, Shi ya san wanda ya yi laifi a mashigin nan. Ni dai na kasa cewa tsohuwa ce.